Kwanan da Na Yi a Gijiba Saboda Ruwan Mota

Da sunan Allah nake farawa, shi ya fitar da ni daga Garwa, shi ya maido ni.

Tun da na dawo daga Colire ƙofar ɗakina ba ta huta ba. Wannan ta shigo, ko zama ba ta gama yi ba sai ta ce, "Hajiya, wai da gaske ne kin ƙwace makullin mota a hannun ɗanki?" Waccan ta ce, "Wai ke ma yanzu kin zama bakanike?" Na faɗa, na sake faɗa, har bakina ya gaji. Ni ban yi boko ba, don haka na zaunar da Rabi, matar ɗana Sabo, na ce ta ɗauko biro ta rubuta yadda ya fito daga bakina. Na kuma gaya mata, inda na zo kan laifin mijinta kada hannunta ya yi rawa.

Ga abin da ya fitar da ni. Ina da yaya, Delu, uwa ɗaya uba ɗaya. Aure ya kai ta Colire tun muna da ƙuruciya, mijin ya rasu, ta ƙi dawowa. Tana da ciwon suga. Ƙusa ta soke ta a tafin ƙafa, ta raina abin, ƙafa ta kumbura, yatsu suka fara baƙi. 'Yarta Hadiza ta yi mini waya tana kuka, ta ce likitan can ya ce a kai ta babban asibiti a Garwa, kuma kada a daɗe. Delu ba ta iya zama a motar haya, sai dai a kwance. Sabo kuwa yana da tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai ja da ƙafa huɗu, da yake kai ma'aikatan auduga ƙauyuka da ita. Na ce masa ya shirya, gobe za mu ɗauko innarsa.

Ya ce, "Hajiya, ki zauna, ni kaɗai zan je. Zafin nan ba naki ba ne."

Na ce, "Delu ba za ta shiga motar kowa ba sai ta ga fuskata. Ka zuba mai."

Tsakiyar bazara ce, lokacin da a Garwa ko bango ka jingina da shi sai ya ƙone ka. Ranar Talata bayan sallar asuba na fito da katifa da tabarma, na tarar da Sabo ya ɗaga murfin inji yana tsiyaya ruwan rijiyar gidanmu a cikin lagireto da butar alwala. Na tsaya ina kallo. Rijiyar nan na san halinta. Butar shayina da nake dafa ruwanta, duk wata sai na kankare farin ɓawo a cikinta da cokali.

Na ce, "Sabo, kullum wannan ruwan kake ba ta?"

Ya yi dariya. "Hajiya, inji ba butar shayi ba ce. Ki shiga."

Na shiga. Amma ban manta ba.

Muka haye gadar Binuwai rana na fitowa. Kogin ya janye, sai rairayi da masu wanki. A shingen farko wani jandarma ya leƙo, ya ce da ni cikin Fillanci, "Jam na, Dada?" Wato lafiya, uwa? Na ce jam. Ya karɓi katina, ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Ya ce wannan ta jikin katin ta fi ni fara'a. Na ce ita ba ta da yaya a kwance. Ya miƙo mini katin da hannu biyu, ya ɗaga mana sanda.

Kafin mu kai Ngong sai na ga Sabo ya daina hira. Na bi idonsa. Akwai wata 'yar allura a gaban sitiyari, gefe ɗaya fari, gefe ɗaya ja. Ni ban iya karatu ba, amma na san ja. Allurar nan tana tafiya wajen jan kamar mai zuwa ganin gida. Muna shiga gari sai tururi ya taso ta gaban motar. Sabo ya tsaya a bakin kasuwa, ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, wani direba ya daka masa tsawa daga nesa, ya ce in yana son fuskarsa ya bari ta huce. Muka zauna a inuwar dalbejiya muna jiran ƙarfe ya yi sanyi.

A nan wani mai tebur ya same mu. Mutum ne mai tumbi da tabarau, ya jera robobi a gabansa, wasu da ruwa ja, wasu kore, suna ƙyalli a rana. Ya ce da Sabo, "Patron, ruwan banza kake zubawa, shi ya sa. Ga likid nan, ruwan sanyaya inji, orijinal, jiya ya iso daga Duwala. Ka zuba ɗaya ja ɗaya kore, har Njamena ba za ta yi zafi ba."

Sabo ya ɗauki ja yana juyawa. Na ce a miƙo mini.

Waɗanda suka san ni a unguwa sun san sana'ata. Shekara da shekaru ina yin alaska, ƙanƙarar leda mai kala, da folere, abin da mutanen Najeriya ke kira zoɓo. Da ita na aurar da 'ya'yana. Babu garin kalar da ake sayarwa a kasuwar Garwa da bai taɓa zama a ƙarƙashin farcena ba. Na buɗe robar, murfin ko ƙara bai yi ba, alamar an taɓa buɗe shi. Na ɗiga a yatsa, na murza. Ruwa ne, ba nauyi, ba santsi. Na ɗiga a bakin farin mayafina. Jan ya kama zare nan take, ya bar da'ira mai duhu a gefe, daidai yadda kalar alaska take yi.

Na ce, "Malam, wannan jan na sani. Cokali nawa ka zuba a bokiti?"

Ya cire tabarau. "Mama, ki ji tsoron Allah. Wannan kayan inji ne, ba na mata ba."

Na ce, "In ka ƙara masa suga ka sa a firji, yaran makaranta za su saye shi kafin azahar. Amma ɗana ba zai zuba shi a mota ba."

Direbobin da ke wurin suka fashe da dariya. Mai tebur ya ce tsofaffin Garwa sun fi jandarma bincike. Sabo ya ji kunya, ya ja ni gefe yana cewa na tona wa mutum asiri a kasuwarsa. Na ce shi ya fara kawo kasuwar tasa gabana.

Direban nan da ya hana Sabo ƙone fuska shi ya ce mana mu zuba ruwan leda na sha, mu lallaɓa a hankali zuwa Gijiba, mararrabar da hanyar Colire ta rabu da babban titi. Ya ce akwai wani tsohon bakanike a can, Malam Abakar, mutumin Kusiri, ba ya gaggawa kuma ba ya ƙarya. Haka muka yi. Mu yi tafiya kaɗan, allura ta hau, mu tsaya. Tafiyar da ya kamata mu gama da hantsi, sai bayan azahar muka isa.

Malam Abakar dogo ne, siriri, da farin gemu da hannuwa baƙaƙe da man inji. Hausarsa a gauraye take da Larabcin Cadi. Ya jira sai da mota ta huce. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance wani abu, ya tara kwano. Abin da ya zubo, wallahi, kamar kunun kanwa da aka dama da jar ƙasa. Ya zare wani tiyo ya nuna mini cikinsa. Farin ɓawo ne, da tsatsa a kai.

Na dubi Sabo. Sabo ya dubi sama.

Malam Abakar ya ce, "Hajja, ruwan rijiya yana sanyaya inji, ba na musu. Amma yana barin gishirinsa a ciki, yana cin ƙarfe, kuma yana saurin tafasa. Hanyoyin ruwan motar nan sun toshe. Sai na wanke ta sau uku ko huɗu, na canza tiyon nan, sannan a zuba mata ruwanta na gaskiya."

Na ce, "Wanne ne na gaskiya, ja ko kore?"

Ya ce, "Kala riga ce kawai. Kowane kamfani da rigar da yake sa wa nasa. Abin dubawa shi ne wane iri kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta a zuba, da abin da aka rubuta a jikin jarkar." Ya sa hannu a aljihun gaban mota ya zaro wani ɗan littafi da ya yi datti. Sabo ya ce shi bai ma san yana nan ba. Tsohon ya buɗe, ya bi layi da yatsa, ya ce, "To, ga shi. Irin wannan ba ni da shi. Ina da rabin jarka na wani iri, amma ba a haɗa su. In ka haɗa iri biyu, wani lokaci sai su kame kamar koko, ka koma gidan jiya. Zan yi waya Garwa a sako mini a motar safe, a rufe, yadda ya fito."

Sabo ya ce, "Motar safe? Gobe ke nan! Malam, ka wanke ta sau ɗaya, mu cika da ruwan rijiya mu tafi. Mara lafiya za mu ɗauko."

Malam Abakar ya goge hannu a tsumma. Ya ce, "Zai iya kai ku. Zai iya ƙi. Zuwa ba ya ba ni tsoro, da la'asar za ku yi shi, ku biyu. Dawowar nake ji. Da rana tsaka, da kaya, da mara lafiya, a dajin nan da babu gari, babu ruwa, waya ba ta kamawa. In kan inji ya ƙone a can, kalas, shi ke nan, sai dai a jawo ta. Ni ba zan rantse muku ba. Ku zaɓa."

Sabo ya ce ya zaɓa, tafiya za a yi. Ya juya yana neman bokiti. Makullin yana jikin mota. Na miƙa hannu ta taga na zare shi, na ɗaure a bakin zanena, ɗauri biyu, na zauna a kan benci.

"Hajiya, mene ne haka?"

"Abin da ka gani."

"Inna Delu tana can ƙafa na ruɓewa, ke kina nan kina zaɓen ruwa?"

Na ce, "Tana can a kan gado, ƙarƙashin rufi, da 'yarta da likita kusa. In na ɗauko ta na kwantar da ita a gindin bishiya a tsakiyar daji, wa zan kira? Kai? Da butar alwalarka?"

Ya ce, "In wani abu ya same ta a daren nan fa?"

Na ce, "To, a wuyana. Ba a naka ba."

Ya yi magana, ya yi magana. Ya ce mutane na kallonmu. Na ce su kalla. Ya ce shi ne mai motar. Na ce ni ce mai shi. Daga ƙarshe ya tafi bayan gareji ya zauna shi kaɗai, Malam Abakar kuma ya ci gaba da wankin lagireto kamar bai ji komai ba.

Da la'asar Hadiza ta kira. Ta ce zazzaɓi ya ƙaru, Delu tana kiran sunan mahaifiyarmu. Ta ce, "Inna, kuna ina?" Na ce muna Gijiba, sai gobe. Sai ta kashe wayar ba sallama. Kada wanda ya ce muku zuciyata dutse ce. Hannuna ya kai kan ɗaurin nan har sau biyu. Ban kwance ba.

A gidan Malam Abakar aka sauke ni, wajen matarsa Falmata. Mutanen Kusiri suna da al'adunsu. Kafin ta tambaye ni sunana ta kawo kasko ta turara ni da turaren wuta har cikin mayafi, kamar amarya. Shayi kuwa ja wur, da kanumfari, kofi na ƙarewa wani na zuwa. Na gaya mata ina tsoron suga saboda abin da ya sami yayata, ta ce ai shayi ba suga ba ne, shayi ne. Abincinsu wani abu ne da suke kira kisar, siriri kamar gyale, ana ninke shi a tsoma a miyar kuɓewa. Da daɗi, ban ƙi ba. Amma mu da muka saba da tuwon da in ka ci ka san ka ci, sai na ga kamar na haɗiyi iska. Na ci shida, Falmata tana ƙirgawa da ido tana murmushi. Da na ba ta labarin makulli, ta bugi cinya ta ce, "Hajja, da ni ce, da tun a Ngong na karɓe." Yadda na kwana kuwa, wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Motar safe ba ta zo da safe ba, sai da hantsi ya yi. Sabo yana ta zagaye titi kamar wanda matarsa ke naƙuda. Da jarkar ta iso, Malam Abakar ya duba rubutun jikinta, ya gwada da na littafin, sannan ya miƙo mini ya ce, "Hajja, ke za ki buɗe." Murfin ya yi ƙara da na murɗa. Na ɗiga a yatsa na murza. Wannan da santsi, da ɗan nauyi, kamar ruwan da aka wanke kuɓewa a ciki. Ya ce in wanke hannu da sabulu, kada ya kusanci bakina. Guba ne, kuma yana da zaƙi, akuya in ta lasa ba ta kwana. Ya ce wannan an riga an gauraya shi, ba a ƙara masa ruwa. Akwai wani mai kauri da ake haɗawa da tataccen ruwa, shi ya sa ake karanta jarka kafin a zuba.

Ya cika lagireto, ya tada inji ya bar shi yana aiki har iska ta fita, ya ƙara. Ragowar ya ba Sabo, ya ce, "In ta nema, wannan za ka ba ta, ba wani ba. In ka rasa a daji, ruwa mai tsabta, don ka fita kawai, ba don ka zauna a kai ba." Sai a lokacin na kwance bakin zanena.

Daga Gijiba zuwa Colire daji ne na gwamnati, inda ba a farauta. Birai manya suna zaune a kan hanya kamar masu jiran mota, ba sa tashi sai ka kusa taka su. Ƙudan tsando suka shigo ta taga, ɗaya ya cije ni a wuya, har yau wurin na nan. Sabo bai yi mini magana ba ko sau ɗaya. Ni ma ban nema ba. Allura na kalla, tana tsaye a tsakiya.

Mun shiga Colire bayan azahar. Garin ban gan shi sosai ba, sai dai na lura mutanensu suna gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa, suna sunkuyawa, ba kamar mu 'yan Garwa da ake jin sallamarmu daga layi na uku ba. Hadiza ta tare mu a zaure, ta gaida Sabo, ni ta kawar da kai. Na wuce ta na shiga ɗaki. Warin ƙafar ya tare ni tun daga ƙofa. Delu ta rame, idanu sun faɗa, amma ta gane ni.

Ta ce, "Asabe, sai yanzu?"

Na ce, "Sai yanzu, Yaya. Tashi za mu yi."

Ta ce ba inda za ta, a bar ta ta mutu a ɗakin mijinta. Na ce ban kwana a gidan mutane na sha shayi kofi bakwai don in koma hannu wofi ba. Na kama kafaɗa, Hadiza ta kama ƙugu, Sabo ya tallabi ƙafafun, muka kwantar da ita a kan katifa a bayan mota. Ko ruwa ban sha a garin ba. Muka juyo.

Rana tana dukan rufin motar kamar da gayya. Kan Delu yana cinyata, ina jiƙa tsumma ina goga mata. A tsakiyar daji muka tarar da wata babbar motar katako ta kafe a kan ƙaramar gada, ta tare hanya gaba ɗaya. Da muka wuce ɗazu ba ta nan. Babu yadda za a wuce sai a sauka ta cikin busasshen rafi, rairayi har gwiwa. Sabo ya sa giyar ƙarfi, mota ta shiga tana kuka, tana tono, tana ja da ƙyar, babu iskar da ke shiga gabanta. Ƙafafun motar suka nutse, ya ja baya, ya sake shiga. Sau huɗu. Zafi yana tasowa ta ƙasan motar har ina ji a tafin ƙafata. Delu tana nishi, Hadiza tana salati. Ni na ɗaga wuya ta bayan kujera ina kallon allura. Ta motsa kaɗan daga tsakiya. Ta ƙara kaɗan. Sai ta tsaya. Tana nan tsaye har muka hau gaɓar can.

Sabo ya tsayar da mota, ya kifa kai a sitiyari na ɗan lokaci. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Hajiya, akwai ruwan sha?" Maganarsa ta farko ke nan gare ni tun jiya. Na miƙa masa.

Mun isa asibiti ana kiran isha'i. Washegari suka yi aiki. Ƙafar ta tsira, yatsu uku suka tafi. Sabo ya tambayi likita, da an kawo ta shekaranjiya fa? Likita ya ce shi ba ya da masaniyar gaibu, ƙila da biyu ne, ƙila da ukun ne dai. Wannan "ƙila" ita ce Hadiza ta riƙe, ita ce kuma ta zaga unguwa. Na san ana cewa Asabe ta sayar da yatsun yayarta da jarkar ruwan mota. Wasunku da kuke zuwa tambayata, da ita kuke zuwa a bakinku, kuna jira in sunkuyar da kai.

Ba zan sunkuyar ba. Mutum ɗaya ce take da ikon tuhumata, kuma na je gabanta da kaina. Ranar da aka sallamo ta zuwa gidana, na zauna a bakin gadonta na ba ta labarin duka, ban rage komai ba. Na ce, "Yaya, ni na jinkirta, ba Sabo ba. Kin riƙe ni?"

Ta daɗe tana kallon ƙafar da aka naɗe. Sannan ta ce, "Na riƙe ki mana. Yatsuna ne." Ta ɗago ta dube ni. "Amma a cikin rafin can, da motar nan take kuka, na ji ki kina cewa allura ta tsaya, ta tsaya. Ban san wace allura ba ce, na dai taya ki roƙo." Ta gyara kwanciya ta juya mini baya. "Je ki ɗora mini ruwan wanka. Uku na riƙe ki da su, sauran bakwai ɗin ki zo ki wanke mini."

Na tashi na ɗora. Kullum da safe ni nake wanke su, ɗaya bayan ɗaya, tana yi mini faɗa a kan ruwan ya yi zafi.

Rabi, ajiye biron. Iyakar abin da ya faru ke nan, kuma Allah shi ne shaida.